Shekarar da Na Zauna Bayan Zana

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da yadda na rabu da tuƙi. Wasunku sun ce ido ne ya fara ba ni wahala na ɓoye, wasu sun ce faɗa muka yi da mai mota, uwarku kuwa har gobe cewa take yi taurin kai ne kawai irin na gidanmu. To, idona lafiyarsa lau a lokacin, har zare nake zura wa allura, mai mota kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Maganar uwarku ce ta ɗan kusanci gaskiya, amma kada wanda ya gaya mata na ce haka. Ga yadda abin ya faru, ku karanta ku huta da ƙirƙiro mini dalilai.

Ni ɗan fari ne a wajen Inna, kakarku. Ku 'yan yanzu da kuke rungumar ɗan fari kuna ɗaukarsa hoto, kuna rangaɗa sunansa a gaban surukai, ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A zamaninsu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta zauna hira da shi. Kunya ce, Inna kuma ta riƙe tata da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin "Haruna" ya fito daga bakinta ba. Ina yaro ni ne "wancan", da na girma na samu ƙarin girma na koma "mai mota". Akwai wani mahauci a ƙauyenmu, can gabas da Gazawa, shi ma Haruna ne, bawan Allah ya tsufa Inna tana sayen nama a wajensa tana ce masa "mai sunan wancan". Ana yaye ni kuma aka ba da ni ga Gwaggo, ƙanwar babana, ta tafi da ni Gidan Rumji. Can na tashi, can na yi ɗan lakol ɗin da na yi, wato makarantar boko, can bakina ya karkace ya koma na Gobirawa, abin da ƙannena suke tsokanata da shi har yau. Gwaggo ta riƙe ni riƙo na tsakani da Allah, ban rasa komai ba. Amma bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun ina ƙarami akwai tambaya guda a raina: ranar da aka ɗauke ni, Inna ta ji wani abu kuwa, ko dakanta ta ci gaba da yi?

Abin haushin shi ne, Inna ba mace ce mai shiru ba. Duk unguwar babu wanda ya kai ta baki. In ta zauna gindin bishiyar bedi ta tsakar gida da ƙwaryar gyaɗa, mata har barin tuwo suke yi ya kama don jin labarinta, ga ta da kwaikwayon muryar mutanen da suka mutu tun kafin a shimfiɗa kwalta. Daga ƙofar gida nakan jiyo shewa, ina yin sallama sai wurin ya yi tsit kamar an kashe rediyo. Ta gyara lulluɓi, ta juya gefe, ta dubi Zulai, autarmu, wadda take zaune da ita.

"Ki ce ma baƙonku ya sha ruwa."

Hirarmu ke nan, shekara da shekaru. Ga wani abu kuma da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk ranar kasuwar Gazawa, in na ɗauko fasinja daga tashar Agiye na miƙa gabas, sai in hango ta a bakin kwalta da farantin gyaɗa, tsohuwa da ita cikin rana. In na matso ta kau da kai. Direbobi 'yan uwana suna ganin uwata tana talla kamar marar ɗa. Na aiki Zulai ta ce mata ta bari, duk abin da take so zan kawo. Zulai ta dawo mini da amsa tana ƙunshe dariya.

"Ta ce a ce maka gyaɗarta ce, ƙahwarta ce, hanya kuma ta gwamnati ce."

A daminar shekarar da nake ba ku labari Gwaggo ta rasu. Muna zaman makoki a Gidan Rumji sai wani dattijo ya yi tambaya, wai yaya aka yi ma marigayiyar ta baro ƙasar Gazawa ta yi aure a nan. Kowa ya juyo ya dube ni, tunda ni ta raina. Ni kuwa ban sani ba. Kullum ina cewa wata rana zan zauna in tambaye ta, ga shi ta tafi da kayanta a ɗaure. Abin ya ba ni kunya, ya kuma ba ni tsoro. Na fi shekara talatin a kan sitiyari, kuma duk wanda ya zauna gidan gaba sai ya kwance wa direba cikinsa. Na san dalilin da ya sa wani mutumin Sae Sabuwa ya daina gaisawa da wansa a kan bijimi, na san tarihin auren wata tsohuwa mai kai daddawa Maraɗi tun daga baiko. Labarin duniya duk yana kaina, ban da na matan nan biyu. Ɗaya ta tafi, ɗayar kuma ta fara tafiya da sanda.

Da kaka ta yi na roƙi mai mota kwana bakwai. Ya ɓata rai, don lokacin ne aya da gyaɗa suke cika tasha, amma ya yarda. Na ɗauki wayar da babbarku ta saya mini, wadda ta sha wahalar koya mini inda ake latsawa a ɗauki murya, na nufi ƙauye. Washegari da hantsi na yi abin da ɗan fari mai hankali ba ya yi. Na jawo tabarma har gindin bedi, na zauna gaban Inna, na ce na zo ne ta ba ni labarin rayuwarta. Ta dubi sama, ta dubi akuya, ta dubi Zulai.

"Zulai, ku duba mutumin ga, ko rana ta buge shi a hanya."

Ta tattara ƙwaryarta ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai azahar. Zulai ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce in bar mata aikin. Ba ta yi wa Inna ɓoye-ɓoye ba. Ta nuna mata wayar, ta ce jikoki ne na birni suke son jin muryarta, abin nan zai riƙe duk abin da ta faɗa. Inna ta juya wayar gaba da baya, ta ɗora ta a kan turmin da aka kifa, ta ce mata sannu da zuwa, ta tambaye ta mutanen gida. Ni kuma aka ba ni wuri a bayan zanan da ya raba tsakar gida da garke, aka tara mini kaba wai ina tufka igiya. Inna ta san ina nan sarai, tarina kaɗai ya isa ya tona ni, amma tunda akwai zana a tsakani, kunya ta samu inda za ta tsaya.

Kai, na sha labari! Ta faro tun daga ranar da iyayenta suka baro ƙasar Katsina, an ɗora ta a kan jaki tsakanin tukwane biyu, ta yi barci ta faɗo cikin ƙaya, sai da aka yi tafiya mai nisa kafin a lura an rasa mutum guda. Ta ba da labarin shekarar da hatsi ya ƙi, aka rayu da ganye da haƙuri. Ta kwaikwayi muryar kakanta har na ji kamar tsohon yana tsaye a kaina. Sai dai Inna ba a sa ta sauri. In ta ambaci mutum sai ta faɗi uwarsa da ubansa da irin tafiyarsa da abin da ya yi ajalinsa. Kwana bakwai suka cika, Inna ba ta wuce shekara goma a duniya ba. Ni kuwa igiyar da na tufka ta isa ɗaure duk awakin ƙasar Gazawa.

A rana ta takwas tana tsakiyar labarin ginin rijiyar gari sai wayar ta ɗauki ƙara a kan turmi. Zulai ta miƙo mini ta saman zana. Mai mota ne.

"Malam Haruna, kaya sun cika tasha, mota na kwance. Gobe ko in gan ka, ko in ba wani makulli. Ba hushi ba ne, ka san halin kaka."

Na san gaskiyarsa. Na kuma san mai furfura irina in ya saki sitiyari, babu mai sake damƙa masa wani. Ina riƙe da wayar ina ta lissafin duniya sai na jiyo muryar Inna ta cikin zana.

"Zulai, in an gama da baƙona na kan turmi a maido min shi. Munka tsaya a zurfin gaba bakwai, ba mu kai ga ruwa ba."

Na ce wa mai mota ya ba da makullin, Allah ya sa albarka. Na miƙa wayar ta saman zana. Da na gaya wa uwarku, maganganun da ta yi ba na rubutawa ba ne, kuma ba ta yi ƙarya ba, mun ɗan ji jiki a shekarar da ta biyo baya. Ku manyan kun tuna lokacin da shayin safe ya koma kunu.

A sati na uku aka iso kan babana. Ashe marigayin, wanda na sani da ɗaure fuska, ya taɓa zama abin dariyar mata. Inna ta ce ya riƙa kawo jakinsa rijiya sau uku a rana in ya san tana ɗiban ruwa, har jakin ya gaji, in ya hango rijiya sai ya toge ya ƙi tafiya. Na cusa rawanina a baki don kada dariyata ta tsallaka zana. Aka yi baiko, aka yi biki, aka kai amarya. Na san yanzu saura ni. Na ajiye igiya na manna kunne a jikin zana.

"Bayan shekara sai Allah ya ba mu ƙaruwa. To, damanar da ta biyo baya kuwa, hwara ta sauka..."

Shi ke nan. Na bar mota, na bar tasha, na tufka igiya har hannuna ya yi kanta, rabona a tarihin uwata kalma guda ce, ƙaruwa, kamar an ce tunkiya ta haihu. Zulai ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata.

"Inna, wace ƙaruwa? Wa anka haihwa?"

"Ke, tahi can, marar ta-ido! Ke da ba ki san kunya ba sai ki koya min rashinta da tsuhwana?"

Ba zan ɓoye muku ba, ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata to ga amsar tambayata na samu, dakanta ta ci gaba da yi. Tuwon rana ma ban iya ci ba, na fara tunanin yadda zan koma Agiye in fuskanci uwarku hannu biyu babu komai.

Washegari ranar kasuwa ce. Da sassafe Zulai ta leƙo bayan zana ta ce Inna ta ce a ce wa wancan ya tafi Gazawa ya sayo mata kanwa da goro, kuma ya zaɓo da kyau, kada ya yi gaggawa. Kanwa kuwa tana nan tuli a ɗakinta, na gani da idona. Na bar wayar, na hau amalanken maƙwabci ina ta gunaguni. Da na dawo bayan azahar Zulai ta tare ni tun a ƙofar gida, idanunta jajaye amma bakinta yana murmushi. Ta danƙa mini wayar ta ce in tafi gona in saurara ni kaɗai. Ta ce bayan fitata Inna ta sa ta latsa abin ɗaukar murya kamar kullum, sannan ta ɗauki faifan da take sheƙar gyaɗa da shi ta kifa a kan wayar, kamar yadda ake rufe ƙwaryar fura.

Na zauna gindin gawon gonarmu na latsa. Muryar ta fito a dushe saboda faifan, ana jin ƙarar ɓarar gyaɗa a hankali.

"To, na ruhe mishi kunne, yanzu ni da ke ne. Na ji wancan ya bar mota don wanga zance. Wauta irin ta ubanshi, shi ma haka ya kusa kashe jaki. Kina tambaya wa anka haihwa. Ranar da Gwaggonku ta zo ɗaukar shi ina daka. Uwar mijina na zaune, mata sun cika gida, ba halin in ɗaga kai. Anka aza shi a baya yana miƙo min hannu. Ni ko na ci gaba da daka. Surfe anka ce in yi, ban tsaya ba sai da geron nan ya zama gari, sai da anka ƙwace taɓaryar. Anka yi ta yabona wai yarinyar ga akwai kunya. Hularshi ta hwaɗi a ƙohwar gida na take ta da ƙahwa har kowa ya watse. Tana nan ƙasan adakata, in na mutu ki ba shi."

Na ji ta ƙara ɓare gyaɗa. Sannan ta ci gaba, muryar ta ɗan sake.

"Shi da yake aiko ki wai in bar talla. Gyaɗar mi? Wa ke sayen gyaɗa a garin da kowa ke da rumbunta? Rabinta jikokin mutane nake ba. Can nake zama in ga wucewarshi. Tun daga kwanar gawo nake gane odar motarshi, sau biyu yake bugawa, ta biyun gajera. In ya matso in kau da kai, in ya wuce in bi shi da ido har ya ɓace. In na ga ya yi ƙiba in ce matar na kula da shi, in na ga ya rame in kwana ban ci ba. Shi kuma yana can yana jin kunyar direbobi."

Zulai ta ce, "Inna, har yanzu dai ba ki hwaɗi ko wane ne ba."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Faifan na nan daidai?"

"Yana nan."

"Haruna. To, kin ji. Haruna, Haruna. Suna mai daɗi, ni na so shi tun yana ciki, na raɗa ma ubanshi. Shekara sittin da wani abu yana bakina kamar goro, ban tauna ba ban tohwar ba."

Ina zaune gindin gawon nan, tsoho da furfura, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka ɗauke ni, don a ranar ban san abin da ake ciki ba. Ina cikin kukan kuma na tuna maganar oda sai dariya ta ƙwace mini, domin gaskiya ne, sau biyu nake bugawa, ban taɓa lura ba. Wani Bafulatani da ya zo wucewa da shanunsa ya tsaya ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kaɗa dabbobinsa ya yi gaba.

Da na koma gida sai wani abu ya dame ni. Na jawo Zulai gefe na ce mun ci amanar tsohuwa, ta ɗauka faifai yana toshe wa waya kunne, mun ji abin da ba ta so a ji ba. Zulai ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya yi lakol a banza.

"Yaya, ai na gaya mata. Tana kihwa faifan na ce Inna, wanga abu ko an ruhe shi yana ji. Ta ce, 'Na sani, ni yarinya ce? Amma duk wanda ya tambaye ni, na ruhe.'"

Na shiga tsakar gida na yi sallama. Inna tana gindin bedi. Ta gyara lulluɓi, ta juya gefe, ta ce da Zulai ta ce wa baƙonsu ya sha ruwa. Na sha, ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba. Na koma bayan zana na ɗauki kabata, ban bar ƙauyen ba sai da ta kawo labarinta har ranar da muke ciki, wata biyu cur. Ta ƙara damina biyu a duniya, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira ni da suna a gaban idona ba, ni ma ban nema ba. Hular tana wajena, tafin hannuna ya fi ta girma. Muryar kuma na sa an zuba wa kowannenku a katin waya. Wanda ya yar da nasa ya zo ya karɓi wani, amma ya shirya jin faɗa. Mota ta daɗe da zama tarkace a bayan tasha, na gan ta kwanaki, kaji suna ƙwai a gidan gaba. Jakin babana kuwa har yau jikokina suna ba juna labarinsa suna dariya.

Saura magana guda, wadda saboda ita na ɗauki biro tun farko. Kun lura a rubutun nan "babbarku" nake cewa. Ni da na sha zafin abin, da aka ba ni tawa 'yar farin sai na bi sawun Inna ba tare da na yi shawara da kowa ba. Ta yi rarrafe, ta yi lakol, ta yi aure, ga ta da 'ya'ya huɗu, ni kuwa "ke" da "uwar su wane" nake ta fama da su. Wataƙila ita ma akwai tambaya a ranta. To, ki sani, ranar da aka kai ki ɗakin mijinki a Maraɗi, da na ce mota ta lalace shi ya sa ban yi rakiya ba, lafiyarta lau. Bayan tasha na kai ta na zauna a ciki har la'asar, na kasa tayar da ita. Ni ba ni da faifai, takardar nan ce faifaina, duk wanda ya tambaye ni zan ce ban faɗa ba, rubutawa na yi.

Mariyama. Ni na zaɓa miki shi.